Yadda muke binne mamatanmu a Brookwood

Kawu, ka tambaye ni yadda Musulmi za su yarda a binne mamatansu a maƙabarta ɗaya da waɗanda ba Musulmi ba, kuma na san abin da ya hana hankalinka kwanciya. Brookwood, inda muke binne namu, ƙauye ne kusa da garin Woking, kudu maso yamma da Landan. An buɗe maƙabartarsa a 1854, bayan annobar kwalara ta 1848 zuwa 1849 ta cika maƙabartun Landan maƙil, har ana tone tsofaffin kaburbura domin a sa sababbin gawawwaki. Saboda nisan wurin, jirgin ƙasa na musamman ne ke ɗauko gawa da masu rakiya daga unguwar Waterloo ta Landan, kuma bai daina ba sai a 1941, da bama-baman Jamus suka rushe tasharsa.

A 1884 aka keɓe wa Musulmi filinsu a ciki, shekara biyar kafin a gina masallacin Shah Jahan a Woking. Da ka shiga ɓangarenmu za ka gane shi, domin kaburburan duk an haƙa su ne yadda mamaci zai fuskanci alƙibla. A nan Marmaduke Pickthall da Abdullah Yusuf Ali suke kwance, waɗanda kowannensu ya fassara ma'anonin Alƙur'ani zuwa Turanci. Wanka da likkafani da sallah kuwa, mu muke yi wa namu da hannunmu, babu abin da aka rage.

Abin da ke mana nauyi shi ne jira. A gida mutum ya rasu da asuba, kafin azahar an kai shi makwancinsa. A nan Ingila ba a binnewa sai an karɓi takardar izini daga hukuma, idan kuma mutuwar farat ɗaya ce, jami'in binciken musabbabin mutuwa yana iya riƙe gawar kwanaki, iyalai suna zaman makoki alhali ba a yi jana'iza ba. Kabarin ma saye ake yi, kuma da tsada, shi ya sa muke tara kuɗi wata-wata a asusun jana'iza, kada wani ya rasu 'ya'yansa su shiga roƙo. Wasunmu kan aika gawa gida, ba na kuma ganin laifinsu, amma ni na bar wa 'ya'yana wasiyya su binne ni nan, inda za su riƙa ziyara.