Amsa: Ɗan shekara 15 zai iya samun lasisin bindigar farauta?

Malam, ka ce ɗanka mai shekara 15 ya matsa a yankar masa lasisi. Dokar bindigogi ta Najeriya ta 1959 ta hana bai wa wanda bai kai 17 ba. Ko bindigar toka ce, kwamishinan 'yan sandan jiha yana da ikon hana riƙe ta sai da lasisi. Mai harsashi kuwa, izinin na Sufeto Janar na 'yan sanda ne.

Amma don Allah kada ka kashe masa sha'awar. Mu da danƙo da gora muka fara, muna bin manya da karnuka da rani. Na shekara biyar ina ɗaukar jakar kawuna, ina koyon sawun zomo da kwanciyar makwarwa, kafin ya bari na taɓa kunama. Ka riƙa tafiya da shi dawa, bindigar tana kafaɗarka.