Jan layin kuskure ya ɓace a Outlook: sai an wanke kwamfutar?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Da Outlook nake aika wasiƙun wurin aikina. Kwanan nan ya daina ja wa kalmomin da na rubuta ba daidai ba jan layi. Ban ankara ba sai da na aika wa abokan hulɗarmu wasiƙar Turanci cike da kurakurai, shugabana ya kira ni ya yi mini faɗa sosai. Na kai wa mai gyara, ya ce ƙwayar cuta ce ta cinye manhajar, dole a wanke kwamfutar a ɗora sabon Office. Wasiƙuna na shekara da shekaru suna ciki. Wallahi hankalina a tashe yake. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Idan kwamfutar tana hannun mai gyaran nan har yanzu, ajiye karatun nan ki je ki karɓo abarki, sannan ki dawo mu yi magana.

Kin dawo? To, buɗe sabuwar wasiƙa, ki rubuta kalma biyu da kuskure da gangan, da ƙananan haruffa, sai ki danna F7. Na ce da ƙananan haruffa ne domin Outlook, a yadda ya zo, yana tsallake duk kalmar da aka rubuta da manyan haruffa zalla da kuma wadda aka cakuɗa da lamba. Idan F7 ya kamo kurakuran, ƙamus ɗinki lafiya lau yake, abin da aka kashe kawai shi ne dubawa yayin da ake rubutu. Bi File, Options, Mail, Spelling and Autocorrect, ki mayar da alamar a akwatin dubawa yayin da ake rubutu.

Idan kuwa ya ce miki an gama babu kuskure, ga kurakuran kuma kina kallonsu, abu biyu nake zargi. Na farko shi ne wanda na fi cin karo da shi: kina rubutu a cikin yankin sa hannunki, wato sunanki da bayananki da ke fitowa da kansu a ƙasan wasiƙa. Outlook ba ya duba abin da ke cikin sa hannu, kuma mai sa hannun da ya fara da layukan da babu komai yakan faɗa ciki bai sani ba. Danna ɓangaren dama na linzami a kan kalmar. In jerin sa hannunki ya fito a maimakon gyaran kalma, an kama ɓarawo. Cire waɗancan layukan daga sa hannun, ki riƙa fara rubutu daga can sama. Na biyu, rubutun yana ɗauke da umarnin kada a duba shi, wanda sau da yawa yakan biyo abin da aka kwafo daga wata takarda. Danna Ctrl da A, ki bi Review, Language, Set Proofing Language, ki cire alamar da ke hana dubawa, ki zaɓi Turancin da kike so, ki mayar da shi na dindindin. Tun daga Office 2007 injin Word ne ke yi wa Outlook wannan aiki, shi ya sa halinsu ɗaya. In duk wannan bai yi ba, riƙe Ctrl yayin buɗe Outlook don ya tashi ba tare da ƙananan manhajojin da aka liƙa masa ba, ko ki yi Quick Repair na Office, wanda ba ya taɓa wasiƙa ko ɗaya. Masu Thunderbird, wata manhajar imel daban, su duba ko sun sauke ƙamus, domin daban yake da fassarar fuskar manhajar. Masu buɗe imel a Chrome su leƙa saitin harsuna na Chrome ɗin.

Yanzu bari in koma kan maganar wanki, wato goge duk abin da ke cikin kwamfutar, domin ita ce ta fi ɓata mini rai. Kusan kullum sai an zo mini da ita. Firinta ta ƙi aiki, ƙwayar cuta. Kwamfuta ta yi nauyi, ƙwayar cuta. Yau kuma jan layi ya ɓace, ƙwayar cuta. Masu ƙera waɗannan miyagun manhajoji kalmomin sirri suke nema, ko su kulle fayilolinki su nemi kuɗin fansa. Wace riba za su ci don kin rubuta kalma ba daidai ba? Mai gyaran da bai danna F7 ba ya yanke wannan hukunci bai binciki komai ba, wankin ne kawai sana'ar da ya iya. Mutum ya zo da ƙaya a ƙafa, an ce a yanke ƙafar.

Ga abin da ba zai gaya miki ba. Idan da tsarin POP aka haɗa akwatinki, wato tsarin da ke sauke wasiƙu ya ajiye su a kwamfutarki, wasiƙunki suna cikin fayil guda mai ƙarewa da .pst, galibi a Documents, cikin Outlook Files. Saitin da Outlook ke zuwa da shi yana goge kwafin da ke kan sabar, wato ma'ajiyar masu ba ki imel a intanet, bayan kwana 14. Ke nan duk abin da ya wuce mako biyu yana iya zama a kwamfutarki kaɗai yake a duk duniya. A wanke ta, shi ke nan, sai dai a ce miki “ki yi haƙuri”. Ko da da ɗaya tsarin, IMAP, aka haɗa shi, inda wasiƙun ke zaune a sabar, lambobin mutane da kalanda sukan kasance a wannan na'urar kaɗai, cikin fayil na .ost. Na ga ma'aikatan da suka rasa takardun yarjejeniya da shaidar biyan kuɗi ta wannan hanya, a kan matsalar da alama ɗaya a akwati za ta warware.

Sannan wannan “sabon Office” ɗin, daga ina zai fito? In ba da lasisinku za a ɗora shi ba, na sata ne, kuma kafin a kunna shi galibi sai an kashe manhajar tsaron kwamfutar don ta bar abin fasa lasisin ya yi aiki. Ta nan ne ƙwayar cutar ta gaskiya take shiga. Kin tafi ba ki da ita, kin biya kuɗi an sa miki. Kuma a wace na'ura? Wadda imel ɗinki ke buɗe a ciki, imel ɗin da ake aiko masa saƙon sauya kalmar sirri ta bankinki da ta duk sauran shafukanki. Haka nake cewa game da manhajojin da ke tallan “gyara duk matsalolin Outlook da dannawa ɗaya” da masu share rajistar Windows. Kada ki sauke ko ɗaya.

Ku kuma masu gyara, ku ji tsoron Allah. Wasiƙun mutane amana ce a hannunku. Cewa “ban gano matsalar ba” bai taɓa rage wa kowa daraja ba, amma share aikin shekaru na baiwar Allah ba tare da ko tambayarta ko tana da kwafi ba, wannan haƙƙi ne, kuma za a tambaye ku.

Malama, ko da jan layin ya dawo yau, rufe Outlook ki kwafe fayil ɗin .pst zuwa filashi. Ki kuma kunna zaɓin duba rubutu kafin aikawa, yana nan a shafin Mail ɗin da kika buɗe ɗazu.