Tambaya da Amsa: Ƙasar Romaniya

Tambaya: Don Allah a ina Romaniya take, mutum nawa ne a cikinta, kuma me ya sa yarensu ya fi kama da Italiyanci alhali akasarin maƙwabtansu ba haka suke magana ba?

Amsa: Romaniya tana kudu maso gabashin Turai, babban birninta Bukarest. Tana iyaka da Yukren, Moldoba, Hungari, Sabiya da Bulgeriya, gabashinta kuma Baƙin Teku. Tsaunukan Kafatiya sun lanƙwashe kamar lauje a tsakiyarta, suka rungume yankin Transilbaniya, kogin Danub kuwa shi ya shata mafi yawan iyakarta ta kudu.

Batun yare, asalinsa daular Rum ne. A shekara ta 106 Sarki Tarajan ya ci yankin, wanda a lokacin ake kira Dakiya, sojoji da 'yan ci-rani suka shigo da Latin, harshen Rumawa wanda Italiyanci ma daga shi ya samo asali. Rumawa sun janye wajen 271, amma harshen bai bi su ba, sai dai ya ari kalmomi da yawa na harsunan Slabiya (dangin harsunan Bulgeriya da Sabiya) daga baya.

Ƙasar kanta ba tsohuwa ba ce. Masarautun Walakiya da Moldabiya sun haɗe a 1859, suka ayyana 'yancin kai daga Daular Usmaniyya a 1877, Transilbaniya ta shigo ranar 1 ga Disamba, 1918.

Ƙidayar 2021 ta nuna mutum kusan miliyan 19, alhali a 1992 sun haura miliyan 22. Haihuwa ta ragu, matasa kuma sun kwarara Italiya da Sifen neman aiki, musamman bayan shigar ƙasar Tarayyar Turai a 2007.