Na tara hotunan zanen gidajen Daura, yaya zan mayar da su littafi?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin zane ne a Daura. Shekara uku ke nan ina ɗaukar hotunan zanen bangon tsofaffin gidaje, da kwalliyar dawakin Sallar Gani, da aikin rigunan hakimai. Na tara kusan 200. Ina so su zama littafi na ajiya, ba irin kalandar da ke koɗewa ba. Ta ina zan fara?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya saka da alheri, domin kowace damina sai wani soro ya zube, zanensa ya tafi ke nan.

Kada ka yi gaggawar zuwa maɗaba'a. Injin bugu ba ya gyara hoto, abin da ka ba shi zai mayar maka. Ana son ɗigo 300 a kowane inci, wato hoton da zai cika shafin A4 sai ya kai ɗigo 2480 a faɗi, 3508 a tsawo. Wayoyin yanzu da yawa suna kai haka, amma fa asalin hoton. Wanda aka tura ta WhatsApp yadda aka saba an riga an matse shi, a takarda zaren aska takwas zai dame, ba ka bambance ɗinki da yadi. Zanen bango kuwa, duk wanda ka ɗauka da rana tsaka ka koma ka sake shi da sassafe ko bayan la'asar, lokacin da haske ke zuwa ta gefe, inuwa ta fito da tudu da kwarin dagi.

Sai zaɓe, kuma nan ne zuciya ke nauyi. A cikin 200 ɗin, 70 ko 80 sun isa. Ka buga su ƙanana, ka baza a tabarma, ka yi ta jerawa har sai kowane hoto ya dace da maƙwabcinsa. Hoton da fuskar mahayi take tsakiya kada ka shimfiɗa shi a shafi biyu, ɗinkin littafin zai cinye fuskar. Yawan shafuka ya rabu da 16, kamar 96 ko 112, saboda babbar takarda ake bugawa a ninke.

Launi ne ya fi ba ni tsoro. Fuskar waya da haske take aiki, ja da kore da shuɗi, injin bugu kuwa tawada huɗu yake haɗawa, har da baƙa. Shuɗi mai duhu irin na rini yakan karkata zuwa shunayya. Na taɓa amincewa da wani aiki ban ga gwaji ba, rawanin turkuɗi ya fito kamar an jiƙa shi a zoɓo, har yau abin yana min ciwo. Saboda haka ka dage a buga maka gwaji a kan ainihin takardar da za a yi aikin, ka fito bakin ƙofa ka duba a hasken rana. In da hali ka je da shi gindin bangon, ka kara da jan makuba, ka ga ko sun yi daidai.

Takarda ka nemi mai santsi marar ƙyalli, mai nauyin giram 150 zuwa 170 a kowace murabba'in mita. Mai ƙyalli tana kashe ido, kuma tana sa bangon ƙasa ya zama kamar roba. A haɗa littafin da ɗinkin zare, kada ka yarda da gam kawai, don zafinmu da bushewar hunturu suna sa shafuka su ɓalle. Littafin da aka ɗinka yana buɗewa sosai.

In kwafi 50 kake so, bugun dijital ya wadatar. In ɗaruruwa ne, injin faranti, wato offset, ya fi arha a kan kowane kwafi. Lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa ake karɓa. Ka tabbatar salon harufan da aka zaɓa yana da ɓ da ɗ da ƙ.

Ƙarƙashin kowane hoto ka sa unguwa da shekarar ɗauka, ka nemi izinin maigida, ka kuma tambayi dattawan gidan sunan maginin da ya yi zanen. Wannan ka fara shi tun makon nan, tun masu sanin suna raye.