Baffa, ga amsar tambayarka a kan surukaina Tatar

Baffa, Allah ya ƙara maka lafiya da nisan kwana. Saƙonka ya iso. Ka ce ka ji wani mai wa'azi yana cewa Musulmi sun taɓa mulkin Rashawa har shekara 240, ka tambaya ko surukaina su ne jikokin masu mulkin, kuma me ya sa duk shekarun da na yi a Kazan, birnin Tatar da ke ƙasar Rasha, ban taɓa kawo maka wannan abin alfahari ba.

Da gangan na yi shiru. Mu 'yan tsirarun Hausawan da muka zauna a garin nan, idan sabon ɗalibi ya sauka, bayan mun kai shi ya sayi rigar sanyi, maganar da muke fara ja masa kunne a kai ke nan: kada ya buɗe baki a kan Mongol da Tatar sai ya san gaban wa yake. Tarihin ya haura shekara 500 da ƙarewa, amma a nan miki ne da bai gama warkewa ba, kuma kowane ɓangare da inda yake masa zafi.

Mutanen da suka zo da yaƙin ba Musulmi ba ne. Batu, jikan Jangis Khan sarkin Mongol, shi ya jagoranci rundunar, kuma addininsu na gargajiya suke bi. Ƙasar da suka fara rusawa a wannan yanki ma ta Musulmi ce: Bolgar, a bakin kogin Volga, wadda sarkinta ya karɓi jakadun halifan Bagadaza tun shekarar 922. An ƙone ta a 1236. Daga nan ne suka faɗa wa Rashawa cikin tsananin hunturu, lokacin da koguna suka daskare suka zama hanyar dawaki. Riyazan ta faɗi a Disambar 1237, Vladimir a Fabrairun 1238, Kiyef a ƙarshen 1240. Sarakunan Rashawa 'yan gida ɗaya ne, amma kowa garinsa ya tsare, aka bi su ɗaya bayan ɗaya. Wani ƙaramin gari, Kozelsk, ya yi mako bakwai yana turjewa, da aka ci shi ba a bar kowa da rai ba.

Abin da ya biyo baya shi ne inda nake so ka tsaya da ni, domin a nan mai wa'azin ya yi tsallake. Mongol ba su zauna cikin dazuzzukan Rashawa ba, ba wurin kiwo a can. Sun kafa birninsu Sarai a ƙasan Volga, kusa da Astrakhan ta yau, suka bar kowane sarki a kan kujerarsa. Sai dai ba wanda zai hau sai ya yi tattaki zuwa gaban Khan, wato sarkin Mongol da ke Sarai, da kyaututtuka ya karɓo takardar naɗi, wadda ake kira yarlik. Wasu sun tafi ba su dawo ba. Aka ƙidaya gidaje tsakanin 1257 da 1259, aka yanka haraji na azurfa. Kai da ka ga ƙarshen zamanin En'e, ka san wannan salo: sarkinka na nan, alkalinka na nan, amma kuɗin sama suke tafiya, kuma rawanin a hannun wani yake. Cocin Rashawa kuwa an yafe masa haraji baki ɗaya, da sharaɗin ya riƙa yi wa Khan addu'a. Har Aleksanda Nevski, wanda Rashawa ke ɗauka waliyyi kuma gwarzo, shi da kansa ya tilasta wa mutanen Novgorod su yarda da ƙidayar, don ya ga ba su da ƙarfin ja.

Musulunci daga baya ya shiga fadar. Berke, ƙanin Batu, shi ne Khan na farko da ya musulunta, amma sai zamanin Uzbek, daga 1313 zuwa 1341, ya zama addinin daular. Ibn Battuta ya sauka a fadar wannan Uzbek ɗin, kuma shi ne dai bayan shekara kusan 20 ya iso Takedda, a ƙasar Nijar ta yanzu, ya ambaci jan ƙarfen da ake kaiwa Gobir. Duk sanda na tuna ido ɗaya ya ga nan ya ga can, sai in ji nisan ya ragu.

Mosko fa? Lokacin Batu ƙaramin gari ne da ba a lissafa shi. Hidimar Khan ce ta ɗaga shi. A 1327 mutanen Tver, babbar kishiyar Mosko, suka tashi suka kashe wakilin Khan da mutanensa. Sarkin Mosko, Ivan, ya garzaya Sarai, ya dawo tare da rundunar Khan, waɗanda Rashawa ke kira Tatar, suka ragargaza Tver, 'yan'uwansa Kiristoci. Ladansa shi ne aka damƙa masa tattara harajin sauran garuruwa. Laƙabinsa Kalita, wato jakar kuɗi. Wanda ya raba nama ba ya rasa maiƙo a hannu: da abin da ke maƙalewa Mosko ta yi ta sayen ƙasa, shugaban coci ma ya koma can da zama. A ganina wannan ne ainihin labarin, fiye da duk yaƙe-yaƙen da ake zanawa a bango. Daular ta yi kiwon wanda zai gaje ta da hannunta.

Faɗuwar kuma daga cikin gida ta fara. Annoba ta shiga biranensu a 1346. Daga 1359 aka shiga rikicin sarauta, cikin shekara 20 Khan fiye da 20 suka hau suka sauka, galibi da wuƙa. A cikin wannan ruɗani ne Dimitri na Mosko ya karya rundunar Mamai, wani babban sarkin yaƙin daular, a filin Kulikovo, ranar 8 ga Satumba 1380. Kowane yaron makaranta a Rasha ya haddace ranar. Abin da ba a cika jaddadawa ba shi ne bayan shekara biyu kacal sabon Khan, Toktamish, ya zo ya ƙone Mosko, aka koma biyan haraji. Wanda ya karya ƙashin bayan daular Musulmi ne ɗan'uwansu, Timur na Samarkand, da ya ci Toktamish a 1395 ya rusa Sarai da biranen kasuwancinta. Daga nan ta tsattsage: Kazan daban, Kirimiya daban, Astrakhan daban.

A 1480 Khan Ahmad ya taho neman harajin da Ivan na Uku, sarkin Mosko, ya daina biya. Rundunonin biyu suka tsaya a gaɓoɓin kogin Ugra makonni suna kallon juna, an ɗan yi harbe-harbe a mashigai, da sanyi ya sauko Ahmad ya juya. Shi ke nan. Kuma babban abokin ƙawancen Ivan a wannan karo Khan ɗin Kirimiya ne, Musulmi, wanda ya ƙarasa ragowar daular a 1502. To ka ga, Baffa, duk wanda ya ce maka yaƙin Musulmi da Kirista ne zalla, bai bi sawun ba.

Inda ke yi wa surukaina zafi 1552 ne. A shekarar Ivan na Huɗu ya ci Kazan, aka kashe jama'a masu yawa, liman Kul Sharif ya rasu tare da almajiransa suna kare masallaci. Babban masallacin da nake aiko maka hotonsa, mai shuɗin rufi, sunansa ya ci, a 2005 aka buɗe shi. Cocin nan mai kawuna kala-kala da kake gani a hotunan dandalin Mosko kuwa, don murnar cin Kazan aka gina shi. Gini biyu ne masu tuna rana ɗaya.

Shi ya sa muke taka-tsantsan. Rashawa suna da karin magana cewa baƙon da ba a gayyata ba ya fi Batatare muni. Za ka ji ta a bakin mutumin kirki wanda bai yi nufin komai ba. Mu ba ma maimaita ta ko da wasa, ni kam na ga yadda fuskar surukata ke canzawa idan ta ji. Haka kuma ba ma tsayawa gaban abokin aiki Barashe mu ce mun taɓa mulkinku, domin shi abin da zai tuna Riyazan ce tana cin wuta, kuma ba mu ne muka yi ba, ba kuma don addini aka yi ba. Su kansu Tatar ba bakinsu ɗaya ba. Surukina cewa yake su jikokin Bolgar ne, waɗanda aka fara zalunta. Ƙaninsa kuma alfahari yake da daular Sarai, ya kan lissafo kalmomin da Rashawa suka ara daga gare ta: dengi, kuɗi, da kazna, baitulmali, da tamozhnya, kwastan. Idan suka fara a kan tebur, ni shayi nake zuba musu.

Jikanka ne ya fi ba ni aiki. A makaranta littafinsu ya kira zamanin da sunan karkiya, wato itacen da ake ɗora wa shanun noma a wuya, ya dawo yana tambayar uwarsa ko kakanninta ne suka ɗora. Ban ba shi amsa a ranar ba. Da watan Mayu ya zo, lokacin da Tatar ke taruwa a kufan Bolgar kowace shekara don tuna shigar Musulunci, na ɗauke shi muka yi tafiyar kusan awa uku. Na nuna masa ragowar babban masallacin da ƙaramar hasumiyar, na gaya masa bayan ƙonewar 1236 aka gina su, a ƙarƙashin mulkin waɗanda suka ƙone garin. Ya daɗe yana kallon duwatsun, sannan muka bi sahu aka yi azahar.

Idan Allah ya nufa ka zo bazara mai zuwa kamar yadda muka yi magana, can zan fara kai ka. A gaida Inna da su Yaya.