Amsa kan maganar 'yar ɗakinku da ɗiyanta

Assalamu alaikum jama'a, ina wuninku. Ƙanwata, na saurari muryar da kika turo ɗazu kan 'yar ɗakinku da tramol ya kama, miji ya sake ta, dangi na cewa a karɓe ɗiyanta uku a kai ta gidan mari. Don girman Allah ku dakata.

Mari ba ya fidda ƙwaya daga jiki. Ku tuna 2019, a Rigasa ta Kaduna, 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga irin gidan nan, wasu da sarƙa a ƙafa, baya duk shatar bulala. Kuma shi tramol dangin morfin ne, ba a yanke shi dare ɗaya. Na gidan likita miligiram 50 ne ko 100, na masu tebur kuwa har 225 akwai, shi ya sa mutum ke yanke jiki ya faɗi yana shure-shure. In kun hana ta gaba ɗaya, zufa ce, zawo ne, ciwon gaɓoɓi, ba barci, ko ta ina sai ta nemo. Likita ya fara ganinta, a riƙa rage mata sannu-sannu.

To, maganar ɗiyan, ita ta fi tsaya mini a rai. Macen da aka saka, aka kuma raba ta da ɗiyanta, don wa za ta daure? A Amurka akwai gidajen da ake kira Oxford House, tun 1975 aka fara su a jihar Maryland. Masu barin shaye-shaye ke zama tare, su ke haɗa kuɗin haya, wasu gidajen kuma na mata ne da ɗiyansu. Mu ba sai mun kama haya ba, muna da dangi a ƙauye.

Kin ce gwaggonku na nan wajen Madarunfa. Ku kai ta can, ita da su, a ba ta ɗakinta. Ta yi nisa da mai teburin da ya saba ba ta bashi, da ƙawayen nan. Amma fa ku sani ƙauye ma ana sha, manoma na haɗiya don ƙarfin huɗa, ranar kasuwa kuma ba ya wuyar samu. Saboda haka da farko kuɗi su zauna hannun gwaggo. A sama wa uwar ɗiyan abin yi, ko tiyar gujiya ce ta yi mai da ƙuli-ƙuli, ko 'yar akuya. Babban ɗan nata a sa shi lakwal. Uwar ita za ta yi wa ɗiyanta wanka, ita za ta dama musu hura, kar wanda ya karɓe mata wannan don tausayi.

Gwaggo ta sa ido kan ƙunshin zane da ƙarƙashin tabarma, don yaro in ya haɗiye ƙwaya ɗaya numfashinsa na iya tsayawa. In ta koma sha, kuma yana faruwa, kar a kore ta. Ranar ɗiyan su kwana ɗakin gwaggo, da safe a maida ta wajen likita. Kuma a daina ce mata 'yar ƙwaya gabansu, wallahi suna ji.

Kuɗin mota da buhun hatsin da za a kai wa gwaggo, ni na sa jika biyar. Mai niyya ya yi magana nan kafin Juma'a.