Na sayi gidan haya a Amurka, zan iya ba Musulmi kaɗai?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwa ne mazaunin Amurka. Na tara abin da Allah ya hore na sayi bene mai sassa shida don in zuba 'yan haya, ni da iyalina kuma muna zaune a wata unguwa dabam. Ina so in rubuta a talla cewa Musulmi kaɗai nake nema, ban da masu ƙananan yara saboda ɓarna. Dillalina ya ce ba da shi ba. Shin ba gidana ba ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya sa albarka a wannan gida. Dillalinka gata ya yi maka, ka riƙe shi da kyau. Gida naka ne, babu mai ja, amma tun ranar da ka fitar da shi kasuwar haya ya shiga ƙarƙashin dokar tarayya ta hana wariya a harkar gidaje, wadda Shugaba Lyndon Johnson ya sa wa hannu ranar 11 ga Afrilun 1968, mako guda bayan kisan Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fata. Da farko ta hana bambanta mutane saboda ƙabilarsu, launin fata, addini ko ƙasar da suka fito. A 1974 aka ƙara batun mace ko namiji, a 1988 kuma aka ƙara nakasa da iyali masu yara 'yan ƙasa da shekara 18, har da mai juna biyu. Ka ga sharuɗɗanka biyu duk sun faɗa ciki.

Wataƙila wani ya ce maka akwai sassauci ga ƙananan masu gida. Akwai, amma ga wanda gininsa bai wuce sassa huɗu ba kuma shi kansa yana zaune a ɗaya. Naka shida ne, ba ka kuma ciki. Ko wanda sassaucin ya shafa ma ba a yarda ya buga talla mai nuna fifiko ba, sannan wariyar launin fata ba ta da mafita ko kaɗan, domin wata tsohuwar doka ta 1866 ta toshe ta, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar da haka a 1968.

Abin da nake so ka fi lura da shi shi ne yadda ake kama mutane. Masu gida da yawa suna ganin idan ba su rubuta ba, sai su ce wa wanda ba sa so "an riga an kama". To, akwai ƙungiyoyin kare haƙƙin masu neman gida da ke aiko mutum biyu, albashinsu ɗaya, bayanansu ɗaya, bambancinsu kawai addini ko yara. Na farko ka ce masa babu, na biyu ka miƙa masa makulli ya duba. Shi ke nan, hujja ta kammala. Tun 1982 Kotun Ƙoli ta ce irin wannan mai gwaji, idan aka yi masa ƙarya, yana da ikon kai ƙara ko da bai yi niyyar kama gidan ba. Intanet ma ba maɓoya ba ce: a 2019 ma'aikatar gidaje ta tarayya, wato HUD, ta tuhumi Facebook kan barin masu talla su zaɓi waɗanda za su ga tallar gida, a 2022 kamfanin ya sasanta da gwamnati ya sauya tsarinsa.

Ta fuskar aljihu, wanda ka hana haya saboda wariya yana da shekara guda ya kai kuka HUD, ko shekara biyu ya shigar da ƙara kotu. Tarar laifin farko kan iya haura dala dubu 20, ban da diyya da kuɗin lauyansa da naka. Hayar wata nawa ke nan?

Na fahimci damuwarka. Ba ƙin mutane kake yi ba, so kake a biya ka a kan lokaci kuma kada a lalata maka gini. Doka ta bar maka wannan ƙofar a buɗe. Ka zauna ka rubuta ma'auni guda: abin da mutum yake samu a wata, tarihinsa na biyan bashi, shaidar mai gidan da ya baro, da kuɗin ajiya na ɓarna. Duk wanda ya zo, da wannan mudun za ka auna shi, ɗan masallacinku ne ko baƙo, ka kuma adana takardar dalilin karɓa ko ƙi. A yarjejeniya kana iya hana shan taba da hayaniyar dare, muddin kowa ya shafa. Abin da ba za ka yi ba shi ne ƙara wa mai yara kuɗin ajiya, ko tura masu yara duka hawa na ƙasa. Idan yaro ya fasa taga, a cire a ajiyar iyayensa kamar kowa. Af, idan ka hana dabbobi, makaho mai karen jagora ba ya cikin hanin.

Talla kuwa ta siffanta gida, kada ta siffanta mai shiga: ɗakuna nawa, haya nawa, yaushe za a tare. Kana iya sanar da jama'arka, amma ka buga ta inda kowa zai gani.

Kafin ka karɓi ɗan haya na farko, ka kai ma'aunin da yarjejeniyar wurin lauyan gidaje na jiharka, domin jihohi na ƙara nasu. A jihar Niyok, misali, a 2019 an kafa dokar da ta hana ƙin mutum don da tallafin gwamnati zai biya haya.